Waiwaye: Tarihi Ba Ya Karantuwa Rabi-Rabi

A shekarar 1963, wani babban malamin tarihi na Jami'ar Oxford mai suna Hugh Trevor-Roper ya gabatar da wasu laccoci da aka watsa a talabijin a Ingila. A cikinsu ya ce Afirka ta baƙar fata ba ta da wani tarihi da ya kai a koyar da shi, in ban da labarin Turawan da suka shigo cikinta. Ba ƙaramin mutum ba ne ya faɗi haka. Shi ke kan kujerar farfesan tarihin zamani wadda Sarkin Ingila George na Ɗaya ya kafa tun 1724, kuma ya riƙe ta daga 1957 har 1980. A lokacin da ya yi wannan furuci, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya shekararta ɗaya kacal da buɗewa.

Maganar ta sha raddi har ta gaji, kuma ba raddin nake son maimaitawa ba. Abin lura shi ne yadda mutumin ya yi rabon. Shi kansa da Girka da Rum ya fara karatunsa kafin ya koma tarihin zamani, har ya yi suna da littafi a kan kwanakin ƙarshe na Hitler. Wato Turai ya bar mata tarihinta da tsawonsa, daga Atina har zuwa yaƙin duniya na biyu. Mu kuwa ya datse mana na da, ya miƙo mana na jiya. Abin da ke ci mini rai shi ne, yau ba Bature ke yi mana wannan datsa ba, mu ke yi wa kanmu. Ɗalibin da ya shafe shekaru a jami'a yana karatun tarihi, ya fito ya san zamanin yanzu bai san na da ba, ko ya san na da bai san na yanzu ba, an ba shi cikakkiyar takardar digiri a kan rabin ilimi.

Yadda Oxford ta raba, ta kuma dawo ta haɗa

Rabon tarihi gida biyu daɗaɗɗen abu ne a Oxford. Tun 1622 wani masani mai suna William Camden ya ba da dukiyar da aka kafa kujerar malamin tarihi, wadda ta zama ta tarihin zamanin da. Shekaru aru-aru, yaron da ya shiga jami'ar Girkanci da Latin yake sha, ya karanta Herodotus da Thucydides da Tacitus, tare da falsafar Aflatun da Aristo. Sai a 1850 aka yarda a buɗe fagen jarrabawa na shari'a da tarihin zamani a haɗe, a 1872 kuma tarihin zamani ya tsaya da ƙafarsa. Abin da suke kira zamani ɗin ma ba jiya ba ne, yana farawa tun daga ƙarshen daular Rum ta yamma. Amma katanga ta riga ta ginu: masu Girka da Rum suna tsangayarsu, masu abin da ya biyo baya suna tasu, kowa da malamansa da jarrabawarsa.

Daga baya jami'ar ta ga asarar da ke cikin wannan katanga, ta buɗe mata ƙofa. Yau akwai digiri na shekara 3 da tsangayoyin biyu ke koyarwa tare, na tsohon tarihi da na zamani a haɗe. Ɗalibi na iya farawa daga ƙasashen Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya a zamanin da ake aiki da tagulla, ya ratsa daular Rum da ƙarnonin tsakiya, ya iso duniyar da muke ciki. Dole ya ɗauki darussa daga kowane ɓangare, ba ya tsere wa ɗaya ya fake a ɗaya. Wanda bai zo da Girkanci ko Latin ba, yana iya farawa a can. Yana rubuta maƙala a kai a kai, ya zauna gaban malami tare da abokin karatu ɗaya ko biyu ya kare abin da ya rubuta, a shekarar ƙarshe kuma ya yi kundin bincike na kansa.

Hikimar haɗin ba tarin labarai ba ce, horon hankali ce. Mai nazarin zamanin da, shaida ce ke masa ƙaranci: guntun rubutu a jikin dutse, tsabar kuɗi ɗaya, marubuci guda da ya rayu shekara ɗari bayan abin da yake ba da labari. Dole ya koyi tatsar ƙaramar shaida ba tare da ya ɗora mata abin da ba ta ce ba. Mai nazarin zamanin yanzu kuwa shaida ce ke neman binne shi: fayil-fayil, jaridu, wasiƙu, hotuna, muryoyin mutanen da ke raye, kowa da son ransa. Dole ya koyi tankaɗe da rairaya. Wanda ya sami horon nan biyu, da wuya a ruɗe shi da ƙarancin bayani, da wuya kuma a ruɗe shi da yawansa.

Masu mulkin mallaka sun san amfanin wannan haɗi tun kafin a mai da shi digiri. Lord Cromer, wanda ya juya Masar daga 1883 zuwa 1907, ya fitar da ɗan littafi a 1910 yana auna mulkin mallakar Rum da na Ingila: yadda Rumawa suka ɗebi sojoji daga cikin mutanen da suka ci da yaƙi, da yadda suka riƙe al'ummomi masu harsuna da addinai dabam-dabam. Gwamna Lugga dai soja ne, ba ɗan jami'a ba, amma da yawa daga cikin Razdan-Razdan da Di'o-Di'on da suka yi aiki a Arewa daga Oxford da Cambridge suka fito. Sun karanta cewa Rum takan bar wa ƙasa sarkinta muddin zai yi biyayya ya tara haraji. Rundunar da ta ci Kano a Fabrairun 1903 ta kuma ci Sakkwato a Maris, mafi yawan sojojinta baƙar fata ne, Turawan cikinta 'yan kaɗan. Sun zo mana da darasin shekara dubu biyu a ka, sannan suka ce mu namu tarihin ya fara ne ranar da suka iso.

Malamanmu ba su san wannan katanga ba

A al'adar karatun Musulunci da muka gada, tarihi kogi ɗaya ne. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a Bagadaza a 923, ya faro littafinsa daga farkon halitta, ya bi ta kan annabawa da sarakunan Farisa, ya gangaro har shekarar 915, a cikin rayuwarsa ke nan. Ibnu Khaldun, da ya zauna rubuta Muƙaddima a 1377 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, bai karɓi labari don an daɗe ana faɗinsa ba. Ya tuhumi magabata da suka riƙa kumbura yawan mayaƙa, ya ce a auna labarin da da abin da ido ke gani yau: ƙasa kaza za ta iya ciyar da runduna kaza? Da na yanzu ya gwada na da, da na da kuma ya fahimci dalilin tashin dauloli da faɗuwarsu a zamaninsa.

Haka abin yake a gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, bai faɗa cikin labarin jihadi kai tsaye ba, sai da ya bi ta kan Barno da Ahir da ƙasashen Hausa da Sanwai da malamansu na da, don mai karatu ya san ƙasar da jihadin ya tsiro a cikinta. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Khadija, ya tattara labarin sarakunan Hausa da yaƙe-yaƙensu a Raudatul Afkari. Kundin tarihin Kano ya taso tun daga Barbushe da Bagauda, bai tsaya ba sai kan Sarkin Kano Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. Babu ɗayansu da ya ga wani layi da zai ce daga nan tsohon tarihi ya ƙare, sabo ya fara.

Abin da aka gina a Zariya

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, tarihin Ingila da na Turai ne ya cika manhaja. Kenneth Dike ne ya fara juya akalar. Littafinsa na 1956 a kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta ya sa 'yan Afirka a tsakiyar labarinsu, shi ne kuma ya tsaya aka kafa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya. Cikin malaman da suka yi aiki da shi akwai wani Bature, H.F.C. Smith, wanda ya koyar a Sudan kafin ya zo Ibadan. A 1961 ya rubuta maƙala yana jan hankalin masana cewa sun yi watsi da babban al'amari, wato jihadodin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, alhali waɗanda suka yi su sun bar ɗimbin rubuce-rubuce da Larabci. A 1962 ya koma Zariya ya kafa sashen tarihi. Daga baya ya musulunta, ya zama Abdullahi Smith, a 1970 kuma ya jagoranci kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan da Sardauna ya zauna.

Abin da ya bambanta aikin wannan zamani shi ne ba a ware wa kowace irin shaida ɗakinta ba. Shirin binciken tarihin Arewa, wanda Ibadan da Zariya suka yi tarayya a kai, ya aika mutane gidajen malamai suna ɗaukar hoton tsofaffin littattafai, wasu suna zama da dattawa suna rubuta abin da suka ji daga kakanni, wasu kuma suna tonon kufai. Murray Last ya zauna a Sakkwato yana karatu a taskar Waziri Junaidu, abin da ya haifar da littafinsa na 1967 a kan Daular Usmaniyya. Graham Connah kuwa ya tona tudun Daima a Barno a 1965 da 1966, ya gangara sama da mita 10, ya tarar da zaman mutane hawa-hawa, tun daga masu aiki da dutse da ƙashi tun kafin Miladiyya, har zuwa masu ƙarfe da tagulla. A Nok da Taruga, aikin da Bernard Fagg ya faro ya riga ya nuna cewa ana narka tama a tsakiyar Nijeriya ƙarnoni kafin Miladiyya.

Da irin wannan shaida Smith ya tunkari wata tsohuwar fahimta. H.R. Palmer, jami'in mulkin mallakan da ya fassara kundin tarihin Kano a 1908, yana cikin masu ganin cewa duk wata sarauta da tsari a ƙasashen nan baƙi ne masu hasken fata suka kawo su daga gabas ko arewa. A maƙalarsa ta 1970 a kan kafuwar dauloli a ƙasar Hausa, Smith ya ce labarin Bayajida kaɗai ba zai iya bayyana yadda birane suka tashi ba. Ya ce a dubi ƙasar kanta: inda ake samun tama, inda ƙasa ke da albarka, inda duwatsu irin Dala da Kufena suka jawo masu bauta da masu neman mafaka, yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa da kasuwa da sarauta. Tonon da aka yi a gindin Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, tun kafin Bagauda. Wannan bincike ne a kan zamanin da, amma amsar da ya bayar ta zamanin yanzu ce: mutanen da suka gina wa kansu birane da tsarin mulki ba sa bukatar wani ya zo ya koya musu zama mutane.

Malaman da suka taso a wannan fage sun riƙe igiyar ta kai biyu. Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa fatake da malamai a faɗin Afirka ta Yamma. Sa'ad Abubakar ya yi Fombina, Muhammad Nur Alkali ya yi Barno ta zamanin Saifawa, Mahmud Modibbo Tukur ya tona yadda Ingila ta kafa mulkinta a Arewa daga 1897 zuwa 1914. Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, shi ne misali mafi fitowa fili. Mutumin da ya rubuta sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya kuma tsaya ya tantance abin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, shi ne dai ya zauna a kwamitin tsara kundin tsarin mulki a 1976, shi ne ya rubuta littafi a kan yadda ake wasa da addini don biyan bukatar siyasa. Ƙarfin muryarsa a kan al'amuran yau daga zurfin saninsa na jiya ya fito.

Hanya ɗaya, shekara dubu biyu da ɗari biyar

Ga misalin da zai nuna abin da ɗalibi ke samu in an bar shi ya bi abu ɗaya daga tushe. Mu ɗauki hanyar da ta taso daga Turabulus, ta ratsa Fazzan da Kawar, ta sauka Tafkin Chadi. A ƙarni na 5 kafin Miladiyya, Herodotus ya ba da labarin wasu mutane da ake kira Garamanti a Fazzan, masu karusai da dawaki huɗu ke ja. Masu tonon kufai sun tabbatar da cewa sun gina garuruwa a tsakiyar Sahara, sun haƙa magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa suna noman alkama da dabino. Rumawa sun kai musu yaƙi a shekara ta 19 kafin Miladiyya, sun kuma yi ciniki da su. A zamanin Septimius Severus, sarkin Rum haifaffen Libiya wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, an girke sojoji a Gadamas, garin nan da attajiransa suka zo suka yi gidaje a Kano bayan ƙarnoni masu yawa.

Marubutan Larabawa sun ce Uƙba bin Nafi'u ya kai Kawar a wajen 666. A ƙarni na 13, ikon Mai Dunama Dibbalemi na Kanem ya kai har Fazzan, mutanen Kanem suka sami makaranta tasu a Alƙahira, Ibnu Khaldun kuma ya kawo labarin raƙumin dawa da aka aika wa sarkin Tunis kyauta a 1257. A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma ya yi musayar jakadu da Daular Turkawa, maganar Fazzan da tsaron hanya na cikin abin da ya kai su. Ta wannan hanya Turawa matafiya Denham da Clapperton suka bi suka iso Kukawa a 1823, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato a 1824. Hanyar ta ɗauki gishirin Bilma da turkuɗin Kano da fatu da littattafai da alhazai. Ta kuma ɗauki bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne: matafiyan nan sun ba da labarin ƙasusuwan mutane birjik a bakin rijiyoyi.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Turabulus. Fuskar ciniki ta juya kudu, gyaɗa ta karɓi fage, ayari ya ja baya. Amma hanya ba ta mutu ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, motocin Hilux cike da 'yan ci-rani suka riƙa tashi daga Agadas zuwa Dirku zuwa Sabha, makamai kuma suna gangarowa. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, a ƙarshen 2023 aka soke ta. A 2017 duniya ta ga hotunan 'yan Afirka ana cinikinsu a Libiya. Wanda ya san 2011 zuwa yau kaɗai zai ɗauka wata sabuwar fitina ce da doka ɗaya za ta kashe. Ya yi daidai da wanda ya iso kasuwa da la'asar, yana ba da labarin yadda ta ci. Wanda ya bi hanyar tun daga Garamanti ya san cewa garuruwan Kawar da Ahir da wucewar matafiya suke rayuwa tun fil azal, ya san duk daular da ta yi ƙarfi a yankin sai da ta nemi riƙe rijiyoyin nan, ya kuma san cewa duk lokacin da tsaro ya faɗi a hanyar, talaka ne ke zama haja.

Ko a cikin birni ɗaya darasin bai canja ba. Matashin da karatunsa ya fara daga mulkin mallaka zai ga Sabon Garin Kano, wanda Turawa suka keɓe wa baƙi a wajen 1913, ya zaci raba ɗan gari da baƙo haka Allah ya yi mu. To, ya shiga cikin ganuwa ya karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna, Sharifai, da Madabo ta malaman Wangarawa. Birnin da Muhammadu Rumfa ya kafa wa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, da karɓar baƙo ya girma, jikokin baƙin nan kuwa su ne Kanawan yau. Mai wannan sani, in ɗan siyasa ya zo masa da zancen asali da ƙabila, yana da abin da zai auna maganar da shi.

Inda muka saki igiya

A 2007 aka fito da sabuwar manhajar ilimin bai-ɗaya a Nijeriya, wadda ta cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin zamantakewa. Yara suka yi shekaru suna gama makaranta ba su taɓa jin Nok ko Kanta na Kabi ko Ngazargamu a aji ba. Gwamnati ta dawo da darasin daga baya, bayan doguwar fafutukar masana, amma malamin da zai koyar da shi ba a dare ɗaya ake yin sa ba. A jami'o'i kuma, da ɗalibai suka riƙa gudun fannin, sassa da yawa suka ƙara wa sunansu nazarin hulɗar ƙasashe ko diflomasiyya don su jawo masu shiga. Ba laifi ba ne a nemi ɗalibai. Illar ita ce nauyin karatun ya karkata gaba ɗaya zuwa ƙarni na 20. Tonon kufai ya koma wani sashe, Larabci wani sashe, Hausa da ajami wani sashe. Sai ka sami mai digirin tarihi ya san Majalisar Ɗinkin Duniya ciki da bai, amma in ka miƙa masa wasiƙar da wani sarki ya rubuta wa Sakkwato a ƙarni na 19, ba zai iya karanta layi ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a koma a zauna cikin kufai. Tsohon tarihi shi kaɗai yana haifar da tasa cutar, wato alfahari marar amfani. Akwai masu iya jero sarakuna tun daga Bagauda, su kawo Amina da Bayajida, amma ba su san dokar mallakar ƙasa ta 1978 ba, ba su san abin da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya yi wa ikon sarakuna ba, balle su gane dalilin da ya sa gonar kakansu ta zama ta wani. Irin wannan sani yakan zama kirari, kirari kuwa ba ya tuhumar kowa. Sanin da ya tsaya a kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Yobe a 1987, aka kuma auna shekarunsa kusan 8,000, bai cika ba sai ya tambayi abin da ya sami ruwan da jirgin ya yi yawo a kansa, da abin da ke samun Tafkin Chadi da masunta da manoma da makiyayansa a yau.

Abin da ya kamata a yi

Jami'o'inmu suna iya tsara digiri da zai ɗaure kai biyun, ba tare da sun kwaikwayi kowa ido rufe ba. Namu zamanin da ba Girka da Rum kaɗai ba ne. Ya haɗa da Masar da Kush da Aksum, da Kartaj da Garamanti, da Nok da Daima da Ife, da kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. A wajabta wa ɗalibi darussa daga can da kuma daga zamanin jihadi, mulkin mallaka da bayan 'yancin kai. A wajabta masa Larabci da ajami gwargwadon da zai karanta takarda da kansa, da Faransanci gwargwadon da iyakar da aka ja tsakanin Katsina da Maraɗi ba za ta zama iyakar iliminsa ba. Ya yi hutu ɗaya a wurin tono, hannunsa ya taɓa tsingaro da kashin maƙera. Ya yi wani a ma'adanar takardu ta Kaduna yana buɗe fayil ɗin Razdan. Ya zauna gaban tsofaffi ya koyi tambaya da ladabi da saurare da haƙuri.

Kundinsa na ƙarshe kuma ya bi abu ɗaya daga farkon shaidarsa har yau: kasuwa ɗaya, sarauta ɗaya, sana'a ɗaya, haraji ɗaya. Jangali ya isa misali. Kundin tarihin Kano ya danganta fara karɓarsa ga Sarki Kutumbi a ƙarni na 17, Turawa suka same shi suka ƙara ɗaure shi, gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna suka soke shi tare da haraji a 1979. Yaron da ya bi wannan zare zai fahimci dangantakar makiyayi da hukuma fiye da mai sharhin da ya fara jin labarin a rediyo bara.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya: me yaro zai ci da tarihi? Babu digirin da ke zuwa da takardar ɗaukar aiki a yau. Amma aikin jarida, da shari'a, da mulki, da sulhu tsakanin al'ummomi, da jakadanci, duk suna neman mutum ɗaya ne: wanda in an kawo masa labari zai tambayi wa ya faɗa, yaushe, don me, kuma me ya gabace shi. A zamanin da ƙarya ke zagaye gari ta waya kafin gaskiya ta fito daga gida, mai irin wannan horo ba kaya ba ne a wuyan al'umma.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Gara na cin littattafai a sorayen gidajen malamai, masu haƙar sata sun kwashe gumakan Nok da yawa sun sayar a ƙetare, ganuwoyi na zama filayen gini, dattawan da suka ga zamanin En'e da idonsu suna ƙarewa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta. Sassan tarihi na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Damagaram suna da malaman da za su iya wannan aiki, in sun haɗa kai da abokansu na tonon kufai da na Larabci da na harsunan gida. Su zauna su rubuta manhajar, hukumomin jami'o'i su amince da ita, masu hali su ɗauki nauyin tono da adana takardu, mu kuma iyaye mu daina hana yaro mai basira shiga fannin da zai sanar da shi ƙasarsa tun daga tushe.